Yaron da ya koya wa kansa fiyano: wa zai gaya masa gaskiya?

A Gyadi-Gyadi da sauran unguwannin Tarauni, fiyano ba baƙo ba ne. Ɗakunan ɗaukar waƙa na Zoo Road sun daɗe suna fitar da waƙoƙin Kannywood da na'urar Yamaha, wadda kan buga ganga da rakiyar kiɗa da kanta. To amma yaron da ya buɗe YouTube yana kwaikwayon Bach ko Mozart wata hanya ya kama dabam.

Wannan kiɗa yana buƙatar karanta rubutaccen sauti, da hannu biyu kowanne na aikinsa, da iya sassauta bugu ko ƙarfafa shi. Cikakken fiyano maɓallai 88 gare shi masu nauyi; yawancin ƙananan na'urori kuwa 61 ne, marasa nauyi. Yaro na iya haddace waƙa tsaf, alhali wuyan hannunsa a sandare yake. Bidiyo ba ya ganin wannan, tafin 'yan uwa ma ba ya gyara shi, kuma gyaran yana ƙara wuya idan hannu ya saba.

Masu auna gwaninta suna nesa. Cibiyar MUSON, wadda aka kafa a 1983, a Legas take. Hukumar ABRSM ta Ingila, mai matakai takwas, ta fara karɓar jarrabawa ta bidiyo a 2020, sai dai kuɗin rajista ba na kowa ba ne. Manhajar firamare da ƙaramar sakandare ta ƙunshi darasin al'adu da fasaha, har da kiɗa. Ya kamata iyaye su tambayi shugaban makaranta: wane ne malamin wannan darasi, kuma da wane kayan aiki yake koyarwa?