Jere da Rataye: Adon Bango a Ɗakin Bahaushe

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu wata asara ce da na jawo wa gidanmu da hannuna. A shekarar da muka tashi daga tsohon gidanmu na cikin garin Lafiya muka koma gidan haya a Bukan Sidi, ni aka ɗora wa aikin gyara falo, wai don ni ne ɗan jami'a. Cikin kayan da na kafa har da allon zayyanar da aka yi wa mahaifinmu lokacin saukarsa. Na zaɓi bangon gabas saboda nan ne alƙibla, na buga ƙusa, na rataya allon, na ja da baya na ga ya yi kyau. Na manta cewa daga gabas hadari yake tasowa, kuma wannan bango shi ruwa yake fara duka. Kafin watan Satumba ya fita, danshi ya ratso bangon, allon ya sha ya ƙoshi, tawada ta fara zuba. Allon da ya shekara arba'in a ɗakin kakarmu bai yi komai ba, a hannuna damina ɗaya ta isa. Mahaifinmu bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Da ka tambayi Hajiya."

Na tambaye ta daga baya, kuma a nan na gane cewa adon ɗaki ilimi ne mai ƙa'ida da kalmominsa, sai dai a hannun mata yake, shi ya sa ba mu cika jin sa a aji ba.

Tushen wannan ilimi shi ne jere. Kafin a kai amarya, gwaggonninta da innoninta da yayyenta sukan je gidan miji su shirya mata ɗaki, su ne ake kira 'yan jere. A da can ƙore ne da akussa da faya-fayai: a ɗora ƙwarya kan ƙwarya, babba a ƙasa ƙarama a sama, a sa cikin ragaya a rataya. Daga baya tasoshin tagulla suka shigo, sannan kwanukan fenti irin su langa da fanteka da samira, waɗanda fatauci da Turawa ya yawaita su a kasuwanninmu. Daga nan sai tangaran da kabad mai gilashi. Kaya sun yi ta sauyawa, amma tsarin bai sauya ba, wato a haɗa iri ɗaya wuri ɗaya, a bi girma, a daidaita hagu da dama. A gidajen ƙasa har akan manna kwano a jikin bango tun laka tana ɗanya, ko a tsakiyar rufin soro. Lafiya gari ne da Barebari suka kafa, kuma matan Barebari ba baya ba ne wajen jere, don haka al'adun biyu suka haɗu a ɗaki ɗaya. Jeren nan ba ƙawa kaɗai ba ne. Dukiyar mace ce ta kanta, miji ba shi da iko da ita, in rana ta ɓaci ta zare kwano biyu ta sayar. Masu zuwa ganin ɗaki kuwa karanta shi suke yi kamar takarda, su san ƙarfin gidan da ta fito da yawan danginta.

Mu ɗaliban harshe ya kamata mu lura da aikatau ɗin da ake amfani da su a nan, domin ba a musanya su. Kwano jera shi ake yi. Allo da faifai da takobi rataya su ake yi, ko a saƙala su. Ƙusa kafa ta ake yi. Kalanda da hoton takarda liƙa su ake yi ko a manna. Madubi babba kuwa jingina shi ake yi. Kowace ɗaya tana da wata rayuwa a wajen ɗaki: ana kafa hujja, ana kafa gwamnati, ana jinginar da gona a karɓi bashi. Wanda ya karanta giredin aikatau na Parsons zai ga bambancin "rataya" ta giredi na ɗaya da "rataye" ta giredi na huɗu. Ka ce "ya rataya allo a bango" lafiya lau, amma "an rataye shi" in mutum ake nufi, sai salati. Haka kuma "jere" suna ne a "an yi mata jere", amma bayanin yanayi ne a "kwanuka suna jere". Ina ganin akwai kundin digiri guda a kwance cikin waɗannan kalmomi, ga kuma tsofaffin da suka san su suna ta ƙarewa.

Abu na biyu da Hajiya ta nuna mini shi ne bango yana da sama da ƙasa kamar yadda zaman fada yake da su. Abin da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah shi ne a can sama, ba a ɗora hoton kowa a kansa, ba a kuma sa shi inda ƙafa za ta miƙe ta nuna shi ko bangon da ya haɗu da makewayi. Daga nan sai hoton Ka'aba ko Masallacin Madina, sai malamai da shugabanni, sai iyaye, sai yara. A gidajen 'yan Tijjaniyya da wuya ka rasa hoton Shehu Ibrahim Inyass, a wasu gidajen kuma Sardauna ne ko Malam Aminu Kano. Akwai gidajen da ba sa rataya hoton mai rai sam, saboda fatawar malaman da suke bi, sai rubutu da zane irin na dagi. Maƙwabtanmu Kiristoci daga cikin Eggon da Alago da Migili su ma suna da nasu tsarin, ayar Littafi Mai Tsarki a sama, hoton aure da na kammala makaranta a ƙasa. Kafin mai gida ya buɗe baki, bangonsa ya riga ya gabatar da shi.

Sai maganar tsawo. A gidajen nunin zane na ƙasashen Turai, ƙa'idar da aka fi bi ita ce tsakiyar hoto ta kasance kimanin santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai idon mutumin da ke tsaye. To amma wa yake tsayuwa a ɗakin Bahaushe? Baƙo zama yake yi, a kujera ko a tabarma, kuma idon wanda ke kan tabarma bai kai mita ɗaya daga ƙasa ba. Shi ya sa jeren da ya faro daga ƙasa ya hau sama yake cika ido. Kuskuren da nake yawan gani a falukan zamani shi ne a kai hoton iyali can kusa da silin, sai ka ɗaga kai kamar mai duban wata. In ban da rubutun da girmamawa ta sa a ɗaga shi, sauran a sauko da su inda mai zama zai gan su ba wahala.

Kada a raina wannan. Tukwanen Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, a fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau Baturen nan Michael Cardew ya fara ganin su, domin sarkin ya tara su ya jera don ado. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Cardew ya buɗe a garin da yanzu ake kira Suleja, daga nan sunanta ya kai Ingila da Amurka. Da a rumbu aka tura tukwanen, da wataƙila labarin bai zo mana haka ba.

Game da kiyaye kayan kuwa, Lafiya ba Kano ba ce. Daminarmu takan faro tun wajen Afrilu ta kai Oktoba, iska kuma tana ɗauke da laima. Tawadar allo da gawayi da ƙaro ake haɗa ta, an yi ta ne don ta wanku da ruwa, don haka danshi kaɗan ya ishe ta. Hoton takarda shi ma yakan manne da gilashin firam ya yi fumfuna. Maganin shi ne a zaɓi bangon da ke tsakanin ɗaki da ɗaki, a kuma sa ɗan guntun katako ko roba a baya don iska ta riƙa ratsawa. A guji inda rana ke faɗowa ta taga, domin tana cinye launi, ja da rawaya ne kan fara tafiya. Faifai da ƙwarya a riƙa sauke su ana kakkaɓewa saboda gara da ƙurar hunturu. Bangon siminti yana son ƙusar kankare, abu mai nauyi kuma ƙusa biyu. Wanda ke gidan haya ya nemi izini tukuna, don ni sai da na biya kuɗin shafe ramuka shida.

Allon mahaifinmu yana nan. Na nemi a kai shi wurin mai zayyana ya sabunta shi, ya ce a'a, hannun da ya yi ta farko ya riga mu gidan gaskiya. Yanzu yana rataye a bangon da ya raba falo da ɗakin Hajiya, da 'yan katakai biyu a bayansa, rabin zayyanar a raye, rabin kuma sai wanda ya san ta a da.