Ƙarancin Barci da Sarrafa Abinci a Jikin Mai Lafiya: Abin Lura ga Mutanen Kusugu, Daura

Manufar wannan takarda ita ce bayyana abin da ƙarancin barci ke yi wa sinadaran da ke tafiyar da jiki, wato homon, ko da kuwa mutum lafiyarsa lau. Duk wanda ya san unguwar Kusugu ya san masu raba dare a farke suna da yawa: masu gadi, da masu shayi, da almajirai masu karatun dare, da direbobin da ke bin hanyar Kwangwalam zuwa Damagaram. Ga kuma zafin bazara da ke hana kowa runtsawa a ɗaki.

A shekarar 1999, Spiegel da Leproult da Van Cauter na Jami'ar Shikago ta Amurka suka sa samari 11 lafiyayyu kwanciyar awa 4 kacal har dare 6. Sai aka ga saurin da jikinsu ke kwashe sukari daga jini ya ragu da wajen kashi 40 cikin ɗari, insulin ɗin da jiki ke fitarwa da zarar sukari ya shiga jini shi ma ya ragu da kashi 30. Kotizol kuwa, wanda bisa al'ada yakan hau da asuba ya sauka da yamma, sai ya ƙi sauka yadda ya kamata. Da aka bar su suka rama barcin, al'amura suka daidaita.

Batun yunwa, a ganina, shi ya fi shafarmu. A 2004 aka gwada samari 12, dare 2 na awa 4 da dare 2 na awa 10. Leptin, mai shaida wa ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, ya ragu da kashi 18. Girelin, mai tayar da yunwa, ya ƙaru da kashi 28. Sha'awarsu kuma ta fi karkata ga kayan zaƙi da masu sitaci. To, a dubi mai gadin da ke kwana kan shayi mai kauri da burodi: yana ɗura sukari ne a daidai lokacin da jikinsa ya fi kasa sarrafa shi. Haka nan mai azumin da ya haɗa asham da hira da tahajjud da sahur, sa'an nan ya wuce kasuwa bai kwanta ba.

Homon na girma kuwa, tun 1968 aka tabbatar mafi yawansa cikin nannauyan barcin farkon dare yake fita. Saboda haka malamin tsangaya da ke kwantar da ƙolo bayan isha'i ya tashe shi goshin asuba ya fi kyauta masa da wanda ke riƙe shi gaban wuta har tsakar dare. Ƙailula, wadda iyayenmu ba su wasa da ita, tana rage wani abu na wannan bashi, amma ba ta biyansa duka.