Yadda Jijiya Ke Aika Saƙo, Da Abin Da Fiya-Fiya Ke Yi Mata

A Hausa, kalmar jijiya na ɗaukar abu uku: hanyar jini, igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da wayar da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Ta ukun ake nufi a nan, kuma ita ce maganin ƙwari irin fiya-fiya ke kai wa hari.

Kamar yadda kebul ɗin intanet ke ƙunshe da ƙananan wayoyi, haka jijiya ke ƙunshe da dubban zaruruwa, kowane zare na fitowa daga ƙwayar halitta guda mai suna niyuron. Ƙwaƙwalwa kaɗai na da kimanin biliyan 86. Kowace tana da gajerun rassa masu karɓar saƙo da dogon zare mai fitar da shi. Wanda ya tashi daga ƙasan laka zuwa yatsan ƙafa ya kai mita guda. Saƙon lantarki ne, amma mai rauni, don batirin wayar hannu ya fi shi ƙarfi sau hamsin. Wani kitse na lulluɓe zaren kamar robar wayar wuta, shi ke sa saƙo gudun har mita 120 a daƙiƙa.

Inda kwatancen ya ƙare shi ne mahaɗa. Zaren ba ya taɓa tsokar da zai motsa. Akwai 'yar tazara a tsakani. Idan lantarki ya iso bakin tazarar, sai jijiya ta fesa wani sinadari mai suna asetilkolin ya tsallaka da saƙon. Otto Loewi ne ya nuna haka a 1921, da zukatan kwaɗi biyu. Da zarar tsoka ta amsa, wani sinadarin na daban ya wargaza na farko nan take, don a samu sararin saƙo na gaba. Shi ne makashin wutar.

Wannan makashin ne diklobos, gubar da ke cikin fiya-fiya da Sniper, ke lalatawa. Saƙo ya yi ta shiga ba tsayawa, sauro ya yi ta karkarwa har ya mutu. Matsalar ita ce mahaɗar jijiyar mutum da irin wannan tsarin take aiki. Shi ya sa wanda gubar ta shiga jikinsa yake dalalar da miyau, ya yi gumi da amai, ƙwayar idonsa ta tsuke, tsoka ta riƙa rawa, daga ƙarshe numfashi ya gagara.

A ƙasar Kazaure wannan ba labarin nesa ba ne. Masu noman rani na feshi, galibi ba takunkumi ba safar hannu, alhali gubar na ratsa fata. Mafi muni shi ne zuba ta cikin buhun wake don kashe ƙwari, ɗabi'ar da ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da waken Najeriya a 2015. A 2019 kuma NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna.

Idan tsautsayi ya afku, a fitar da mutum iska, a cire masa tufafin, a wanke fatar da ruwa da sabulu. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, don yana iya shaƙewa. A garzaya asibiti mafi kusa, a Babura ne, Roni ko Gwiwa, tare da kwalbar, domin likita ya san ko allurar atirofin ce za ta yi.