Binciken ciwon zuciya da huhu: da wane mudu za mu auna shi?

Yau maganar lafiya za mu yi, amma ba ta maleriya ko kwalara ba. Za mu taɓo ciwon da ke cin mutum a hankali: hawan jini, gazawar zuciya, da tarin da ya ƙi jin magani. Ana kashe maƙudan kuɗi a duniya wajen bincike a kansu, to ta yaya mu mutanen Batsari da Safana za mu gane ko binciken ya yi amfani?

A 2009, cibiyar gwamnatin Amurka mai binciken zuciya da huhu da jini, wato NHLBI, tare da kamfanin UnitedHealth, suka tallafa aka kafa cibiyoyin bincike 11 a ƙasashe masu tasowa. Uku ne a Afirka: Kenya, Afirka ta Kudu da Tunisiya. Najeriya ba ta ciki. Idan aka zo auna irin wannan shiri, abin da aka saba ƙirgawa shi ne takardu nawa aka wallafa, matasa nawa aka horar, ƙarin kuɗi nawa aka jawo. Ban raina wannan ba. Amma mudun jami'a ne, ba mudun mara lafiya ba.

Ni a wurina, binciken kirki shi ne wanda zai iya gaya mana cewa abin da muka daɗe muna ɗauka ba haka yake ba. Kuma muna da misali a gida.

Akwai wani ciwon zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko 'yan watanni bayan haihuwa. Zuciyar ta yi laushi, ta kasa harba jini yadda ya kamata. Sai ƙafafu su kumbura, ta riƙa haki ko da tsakar gida ta share, ta kasa kwanciya sai an tokare ta da matasai. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa ciwon ya yi yawa a ƙasar Hausa fiye da kusan ko'ina a duniya, suka kuma ɗora laifin a kan wankan jego, kunun kanwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Shekara da shekaru haka ake karantarwa.

Sai ga wani bincike na ƙasa baki ɗaya mai suna PEACE, ƙarƙashin Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano, wanda sakamakonsa ya fito a 2020. Sun yi rajistar mata 406 masu ciwon, mafi yawansu 'yan Arewa maso Yamma, inda aka samu kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa ɗari. Da aka kwatanta su da masu jegon da ke lafiya, ba a ga alaƙa mai ƙarfi da wankan ko kunun ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, rashin karatun boko, rashin aikin yi, da hawan jinin ciki. Wato talauci ne a gaba. Kar wani ya je ya ce na ce a labta wa mai jego kanwa fa. Gishiri da kanwa ba abokan mai ciwon zuciya ba ne. Amma ku duba bambancin: da a ce wa mace “ki bar al'adarku”, yanzu maganar ta koma me take ci, kuma wa ya auna jininta lokacin awo.

A ɓangaren huhu ma an ga haka. Kowa ya san hayaƙin itace da kara na cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. Amma da aka raba murhun zamani a ƙauyukan Malawi, sakamakon 2016 ya nuna ciwon nimoniya bai ragu ba a yara. Da a ce yawan murhun da aka raba aka ƙirga, da an yi ta tafi.

To ga inda nake son mu tsaya. Ciwon zuciyar nan ba a tabbatar da shi sai da na'urar hoton zuciya, ita kuwa a manyan asibitoci take. Matar da ke wani ƙauye bayan Runka ko Ruma, a bakin dajin Rugu, inda rashin tsaro ya sa hanya ta zama abin fargaba kuma mutane da dama suka bar gidajensu, yaushe za ta kai Katsina ko Kano? Wadda ta kai ce ke shiga lissafi. Wadda ba ta kai ba, sai a ce kumburi ne ko iska, a yi mata jana'iza, babu rajistar da ta san da ita. Kenan duk alƙaluman da muke ji na waɗanda suka samu kuɗin mota ne.

Akwai abin koyi kusa. A 2020 Jami'ar Abuja da abokan aikinta na Amurka suka shiga ƙananan asibitoci 60 a yankin babban birnin tarayya, inda ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa auna jini suna ba da magani bisa tsari ɗaya mai sauƙi. Abin da aka duba a can shi ne mutum nawa jininsu ya sauka ya zauna. Wannan mudun kam na yarda da shi, kuma na'urar awon jini ba ta buƙatar wutar NEPA.

Don haka duk ranar da wata ƙungiya ta zo Safana ko Batsari da takardar tambayoyi, kada mu tsaya a kuɗin zama. Mu tambaye su: yaushe za ku dawo ku faɗa mana sakamakon da Hausa? Kuma wanda kuka samu jininsa ya hau, bayan kun naɗe kayanku, a ina zai karɓi maganin wata mai zuwa?

Ma'aikatan lafiya da ke bibiyarmu, ku faɗa mana ko na'urar awon jinin asibitinku tana aiki. Sai mun haɗu a shiri na gaba.