ME YA SA ƘASASHEN MUSULMI KE JAN ƘAFA WAJEN AMINCEWA DA SABUWAR ƘASA?

Ranar 17 ga Fabrairu, 2008, majalisar dokokin Kosobo ta zauna a birnin Pirishtina ta yi shelar cewa yankin ya ɓalle daga Sabiya, ya zama ƙasa mai cin gashin kanta. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen Kosobo Musulmi ne, kuma sun sha baƙar wuya a yaƙin 1998 zuwa 1999. Saboda haka aka zaci ƙasashen Musulmi za su yi rige-rigen yi mata maraba. Abin mamaki, Amurka da Ingila da Faransa ne suka amince da ita washegari, tare da 'yan ƙalilan daga ƙasashen Musulmi, irin su Turkiyya da Albaniya da Afganistan da Senegal. Sauran suka yi gum. Wannan maƙala za ta bi abin yadda ake bin kowace matsala a kimiyya, wato a yi hasashe, a gwada shi da abin da ya auku, a ga ko zai tsaya.

Mece ce amincewa?

Yarjejeniyar Montebidiyo ta 1933 ta zayyana sharuɗɗa huɗu da ƙasa ke bukata: jama'a mazauna, yanki sananne, gwamnati, da ikon yin hulɗa da sauran ƙasashe. Sai dai cika waɗannan sharuɗɗa bai wadatar ba. Sai wasu ƙasashe sun yarda sannan fasfo ɗin sabuwar ƙasa zai yi aiki a filin jirgin sama, ɗalibanta su sami gurbin karatu a waje cikin sauƙi, gwamnatinta ta ci bashin gina asibiti ko hanya. Shiga Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa ya fi wuya, domin kowace daga cikin ƙasashe biyar masu kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu tana iya hawa kujerar naƙi. Rasha da Sin ba su amince da Kosobo ba, shi ya sa har yanzu ba ta da kujera a Majalisar.

Hasashe na farko: addini

Idan addini ne ke tafiyar da lamarin, to ya kamata ƙasashe 57 na Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta OIC su amince da Kosobo gaba ɗaya, kuma cikin gaggawa. Ba haka aka gani ba. Taron ƙolin ƙungiyar da aka yi a Dakar cikin Maris, 2008, ya watse ba tare da ya umarci mambobi su amince ba. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Malesiya sai a Oktoba, 2008, suka amince. Saudiyya sai Afrilu, 2009. Nijar sai 2011. Pakistan sai Disamba, 2012. Masar sai 2013. Bangaladash sai 2017. Indonesiya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi, da Iran da Aljeriya da Maroko da Azarbaijan duk suka ƙi. Ko hukuncin da Kotun Duniya ta bayar ranar 22 ga Yuli, 2010, cewa shelar Kosobo ba ta saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa ba, bai sa sun sauya ra'ayi ba.

Ba a kan Kosobo aka fara ba. Lokacin da Bangaladash ta ɓalle daga Pakistan a 1971, Musulmi ne suka rabu da Musulmi. Pakistan ba ta amince ba sai Fabrairu, 1974, a taron ƙasashen Musulmi na Lahor, Saudiyya kuwa sai 1975. Arewacin Saifurus, inda Turkawa Musulmi ke zaune, ya yi shelar 'yanci a 1983, amma Turkiyya kaɗai ta amince da shi. Ashe hasashen farko bai ci jarrabawa ba.

Hasashe na biyu: tsoron ɓaraka a gida

Manomi a Durba ko Kibiya ko Rano ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin ya san tsarin gandu. Idan ɗa ya girma, mahaifinsa ya yanka masa gona ya sa masa albarka, maƙwabta sukan zo taya murna nan take. Amma idan ɗan ya fice da faɗa, ya kafa iyaka da kansa, magidanta sukan yi shiru ko da sun san an zalunce shi. Dalili kuwa shi ne kowane magidanci yana da 'ya'ya a gandunsa, kuma suna kallon abin da zai yi. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A duba ƙasashen da suka ƙi. Indonesiya ta yi fama da 'yan aware a Aceh da Papuwa, ta kuma rasa Timor ta Gabas bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1999. Maroko na riƙe da Yammacin Sahara, inda ƙungiyar Polisariyo ta yi shelar jamhuriya a 1976. Azarbaijan a wancan lokaci ba ta da iko da Nagorno Karabak, wanda sai a 2023 ta gama ƙwato shi. Iran na da Kurdawa da Baluchawa a kan iyakokinta. Kowace ta ga hoton gidanta a cikin rikicin Sabiya.

Darasin Biyafara

Nijeriya ta shiga OIC a 1986, ita ma ba ta bi sahun masu gaggawa ba. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bayyana cewa Nijeriya ba za ta amince da Kosobo ba, ya kuma kafa hujja da yaƙin basasa. Ga yadda abin ya kasance. Ranar 27 ga Mayu, 1967, Yakubu Gawon ya karkasa ƙasar zuwa jihohi 12, a ranar ce aka haifi Jihar Kano. Kwana uku bayan haka, Odumegu Ojuku ya yi shelar Jamhuriyar Biyafara. Aka shafe wata 30 ana gwabzawa, sai a Janairu, 1970, yaƙin ya ƙare bayan asarar rayuka masu ɗimbin yawa, akasari ta hanyar yunwa.

Ƙasashe biyar kacal suka amince da Biyafara: Tanzaniya, Gabon, Kwaddibuwa, Zambiya da Haiti. Nijar ta Diori Hamani ta tsaya bayan Gwamnatin Tarayya. Mafi yawan ƙasashen Afirka, masu rinjayen Musulmi da masu rinjayen Kirista, sun riƙe ƙudurin da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta zartar a Alƙahira a 1964, cewa a bar iyakoki yadda aka gaje su ranar samun 'yanci. Shugabannin sun san Turawa ne suka shata iyakokin ba bisa ƙa'ida ba. Iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi ta isa misali. Amma sun ji tsoron idan aka fara warware zare, ba wanda ya san inda zai tsaya.

Wannan ƙa'ida ta sake bayyana a maƙwabta. Ranar 6 ga Afrilu, 2012, 'yan tawayen Abzinawa na MNLA suka yi shelar ƙasar Azawad a arewacin Mali. Mutanen yankin Musulmi ne, amma ko ƙasa guda ba ta amince ba, ECOWAS da Tarayyar Afirka suka yi watsi da shelar. Nijar, wadda ta ɗanɗana tawayen Abzinawa daga 1990 zuwa 1995 da kuma 2007 zuwa 2009, ta fi kowa sanin dalili. Haka ma Somalilan: ta ɓalle daga Somaliya a 1991, tana da gwamnati da kuɗinta da zaɓe, amma ta yi fiye da shekara 30 babu ƙasar da ta amince da ita. Da aka samu ta farko a Disamba, 2025, Isra'ila ce, ƙasashen Musulmi da dama kuwa suka yi tir da matakin.

Akwai gwaji na ƙarshe da ke ƙarfafa hasashen. Sudan ta Kudu ta sami 'yanci ranar 9 ga Yuli, 2011, da yardar Khartum, bayan ƙuri'ar raba-gardama. Yawancin mutanenta ba Musulmi ba ne, daga ƙasar Musulmi kuma ta fita, duk da haka ƙasashen Musulmi suka amince ba tare da jinkiri ba, cikin kwana biyar ta zama mamba ta 193 a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ɗan da uba ya sallama ke nan.

Inda hasashen ya gaza

Mai binciken ƙwarai ba ya ɓoye sakamakon da ya saɓa wa hasashensa. Turkiyya na da rikicin Kurdawa, Senegal na da na Kasamas, amma dukkansu sun amince da Kosobo tun rana ta biyu. Nijar da ta ƙi Azawad ta karɓi Kosobo. Ke nan akwai dalili na uku, wato ƙawance da tarihi. Kosobo ta yi ƙarni kusan biyar a ƙarƙashin Daular Usmaniyya, Turkiyya kuma mamba ce a ƙawancen NATO wanda ya yi wa Sabiya ruwan bama-bamai a 1999. A ɗaya gefen, Yugosilabiya ta Shugaba Tito ta taimaki Aljeriya a yaƙinta na neman 'yanci daga Faransa, kuma a Belgired aka kafa Ƙungiyar 'Yan Ba-ruwanmu a 1961. Tsofaffin aminai ba su manta ba. Wasu kuma suna duban cinikin makamai da hulɗarsu da Rasha, wasu suna duban Amurka. Nisa ma na da tasiri: gobarar da ke wata nahiya ba ta tsorata mutum kamar ta maƙwabci.

Kammalawa

Abin da hujjoji suka nuna shi ne, tausayin jama'a daban, lissafin gwamnati daban. Musulmi a ƙasashe da yawa sun tara taimako sun yi wa mutanen Kosobo addu'a, amma gwamnatocinsu sun fara auna iyakokinsu da ƙawayensu kafin su sa hannu. Masu ɗaukar nauyin wannan lissafi su ne talakawan yankunan da ke rataye tsakanin zama ƙasa da rashin zama: ɗalibin da aka ƙi takardunsa, da ɗan kasuwar da fasfonsa bai wuce ba. Kosobo ta samu shiga Bankin Duniya a 2009 da hukumar FIFA a 2016, a shekarar ce kuma Majlinda Kelmendi ta ciwo mata lambar zinare a wasan judo a gasar Olimfik ta Riyo, amma ƙofar Majalisar Ɗinkin Duniya tana nan a rufe.

Malamai na iya ba ɗalibai wannan aiki a aji: a ɗauki kowace shelar 'yanci, a tambayi abu uku. Shin uwar ƙasa ta yarda? Shin ƙasar da ake neman amincewarta tana da 'yan aware a gida? Su wane ne manyan ƙawayenta? Wanda ya amsa waɗannan zai iya hasashen matsayin ƙasa fiye da wanda ya dubi addininta kawai.