Zauren Birni, Makarantar Masu Fasaha

A cikin birnin Kano ba a yin sana'a a kaɗaice. Duk wanda ya yi sammako zuwa marinar Ƙofar Mata, wadda allon da ke bakinta ya ce tun 1498 take, zai ga hakan. Matan cikin gida ne ke ɗaure farin yadi da zare su fitar da ado, marini ya tsoma shi a ramin baba da toka da katsi, sannan mabuga su karɓa su yi ta bugu har ya yi ƙyalli. Haka abin yake wajen dukawa da maɗinka hula a Kasuwar Kurmi. Hannu na aiki, baki kuma bai huta ba: tsadar hatsi, haraji, kwatar da ta toshe, ɗan takarar da ya yi alkawari ya ɓace.

A yau matasa masu zane, masu ɗaukar hoto, marubuta da 'yan wasan kwaikwayo suna haɗuwa su yi kwanaki suna aiki tare a kan matsala guda, su kira shi taron bita. Tsarin yana da tarihi. A 1958 ɗaliban zane a Zariya, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, suka haɗa ƙungiya don ƙin bin koyarwar Turawa ido rufe. A 1985 David Koloane da Bill Ainslie suka fara taron Thupelo a Afirka ta Kudu, inda baƙaƙen masu zane suka sami wurin aiki tare a zamanin wariyar launin fata. Sai dai ɗan birni bai jira an kawo masa wannan daga waje ba, domin yana da zaure.

Malam Aminu Kano, wanda aka haifa a unguwar Sudawa a 1920, ya rubuta wasannin kwaikwayo yana malamin makaranta, yana sukar zalunci da jahilci tun kafin ya jagoranci jam'iyya. Da aka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta 1950, cikin waɗanda suka kafa ta akwai mawaƙi, Mudi Sipikin. A lokacin da yawancin talakawa ba su karanta jarida, waƙa ce ke kai saƙo lungu-lungu, kuma an daki mutane an ɗaure su saboda ita. Daga baya Mudi Sipikin ya jagoranci ƙungiyar Hikima, Aƙilu Aliyu kuma Hausa Fasaha, inda mawaƙa ke zama su saurari baitocin juna, su gyara kari da amsa-amo.

Ƙarshen shekarun 1980 sai ga ƙungiyar Raina Kama, wadda ta haɗa Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba. Manyan kamfanonin ɗab'i ba su kula su ba, sai suka riƙa taimakon juna wajen bugu da kai littafi kasuwa. An raina littattafan, aka ce soyayya ce kawai, alhali a cikinsu ne aka yi wa auren dole da sakin wulaƙanci da hana 'ya mace karatu tsirara. Littafin Balaraba, Alhaki Kuykuyo Ne, ya isa shaida. A wannan zamanin ne ƙungiyoyin wasan kwaikwayo irin su Tumbin Giwa da Gyaranya ke gwaji a unguwanni, har Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake ƙirga farkon Kannywood daga kansa.

Zaman irin wannan bai sauya sosai ba. Bayan sallar la'asar ake shimfiɗa tabarma a zaure ko a harabar makarantar firamare da yara suka tashi. Wani ya zo da rubutu a waya, wani da kwali da fenti, wani da kyamarar aro. A zaɓi magana ɗaya, a ce shaye-shaye. Marubuci ya karanta abin da ya rubuta, sai dattijon wurin ya tare shi: “Yaro, ka zagi mai shan, ina mai sayarwa?” Shi kuma ya rusuna ya ce, “Gaskiya ne, Baba, a ba ni zuwa gobe.” Mai zane ya ji haka ya goge fuskar yaron da ya fara zanawa, ya zana hannun da ke miƙa kwalbar. Nan amfanin haɗuwa yake. Mutum ɗaya yakan tsaya a kan abin da ya ba shi haushi, amma taro yakan tura shi sai ya kai ga tushen matsala. Kiran magariba ne ke tada zaman, a naɗe tabarma, a karɓi karo-karon kuɗin fenti.

Hanyar ba ta da sauƙi. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, kuma daga 2007 aka ƙara matsa wa masu fasaha lamba. An ɗaure mai shirya fim Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a ƙarshen 2008, aka kama Aminu Ala, haifaffen Yakasai, a 2009 saboda waƙa. Ko tashe, wanda yara ke yi daga goma ga Azumi suna yi wa malalaci da marowaci da gwauro shaguɓe, an hana shi a wasu shekarun baya-bayan nan saboda 'yan daba sun shige ciki. Akwai kuma idon unguwa. Mai zanen fuskar mutum sai ya yi ta bayani ga masu ganin hakan bai dace ba, shi ya sa da yawa suke komawa ga dagi da zayyanar allo da adon bango irin na maginan da. 'Yan mata kuwa, zaman da ya wuce magariba ba nasu ba ne, alhali su ne suka fi riƙe alƙalami a Kano. Ga matsalar kuɗi: idan mai ba da tallafi ne ya zaɓi maganar da za a yi, taro yakan mutu ranar da kuɗi suka ƙare.

Abin yi kuwa yana gaban ido. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa a ƙarni na 15, kullum zaizayewa take, ana ɗibar ƙasarta ana gini a kanta. An rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, aka sake gina wata. Kududdufan da ke shanye ruwan sama an cike da yawa, damina na yi gidajen ƙasa na faɗuwa. Hoto ɗaya mai kyau, ko wasa na minti goma a bakin kasuwa, yakan isar da wannan ga mai unguwa da ɗan majalisa fiye da doguwar takardar koke.

Masu fasahar birni ba sa neman a koya musu faɗar gaskiya, sun gada. Wuri suke nema da kariya. Ya kamata Gidan Makama da makarantun unguwanni su buɗe musu harabarsu, attajiran Kurmi su sayi fenti da takarda ba tare da gindaya sharaɗi ba, a kuma sa zama da hantsi don mata su samu halarta. Hukuma kuma ta tuna cewa wanda ya nuna mata inda gini ya tsage ba maƙiyinta ba ne.