Gudun mota: in ya ninka biyu, ƙarfin karo ya ninka huɗu

Jama'ar Cirozerin, masu garka da makiyaya, kusan kowa a cikinmu ya taɓa hawa hanyar Tawa zuwa Arlit. Ita ake kira hanyar yuraniyom. An shimfiɗa mata kwalta wajen shekarar 1980 saboda ma'adinan Arlit. Manyan motoci suna bin ta dare da rana. Wasu suna ratsowa zuwa Anu Araren, inda SONICHAR take haƙar gawayin ƙasa. Ga motocin haya, ga babura, ga motocin masu neman zinariya da suka yawaita tun 2014. Ga kuma raƙuma da jakuna, waɗanda ba su san hanya ta mota ce ba.

In haɗari ya auku, mukan ce tsautsayi ne. To, amma gudu yana da lissafi, kuma lissafin ba shi da wuya.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Yarinya ta ɗauko bokitin ruwa a ka, tana sauri. Ta yi tuntuɓe, ta tsaya cak. Ina ruwan ya nufa? Gaba ya zuba. Ita ta tsaya, ruwa bai tsaya ba. Duk abin da yake tafiya, ci gaba zai yi da tafiya sai wani abu ya tare shi. Wani masani na ƙasar Ingila, Ishaku Niyuton, ya rubuta wannan ƙa'ida tun 1687.

Mutum cikin mota kamar ruwan nan yake. Mota tana gudun kilomita 80 a awa, jikinka ma gudun 80 yake yi, ko da kana zaune kana gyangyaɗi. Mota ta bugi dutse ta tsaya, kai ba ka tsaya ba. Gilashi ne zai tsayar da kai, ko ƙarfe, ko kwalta. Shi ya sa waɗanda suke hawa saman kaya, ƙafafu a reto, su ne suke fara faɗuwa.

Yaya ƙarfin bugun yake? Mota mai gudun 40 in ta bugi abin da ba ya motsi, kamar mutum ya faɗo daga tsawon mita 6 ne, wato daga kan bene. Mai gudun 80 fa? Kada ku ce mita 12. Mita 25 ne. Duk wanda ya je Agadas ya ga hasumiyar babban masallaci. Tsawonta mita 27. To, karo a gudun 80 kusan faɗowa ne daga ƙolinta. Gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugu ya ninka huɗu. In ya ninka uku, bugu ya ninka tara.

Birki ma da wannan lissafi yake aiki. Direba ya ga jaki a gabansa. Kafin ƙafarsa ta kai kan birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce, ko da direban gwani ne. A gudun 40, mota ta ci mita 11 cikin wannan daƙiƙa. Bayan ya taka, tana bukatar mita 9. Duka mita 20. A gudun 80, ta ci mita 22 kafin ya taka, sannan mita 36 kafin ta tsaya. Duka mita 58.

Wannan lissafin ƙaramar mota ce mai tayoyi masu kyau, a kan busasshiyar kwalta. Hanyarmu kuwa ta tsufa. Akwai ramuka, iska tana tara yashi a kanta, da damina kwaruruwan Abzin suna kawo ruwa da laka. Taya a kan yashi sulɓi take yi. Babbar mota cike da kaya kuwa tana bukatar wuri fiye da haka nesa ba kusa ba. Kada wanda ya shiga gabanta yana cewa ai direba ya gan ni. Ya gan ka, amma motar ba za ta tsaya ba.

Da dare abin ya fi muni. Ƙaramar fitilar mota ba ta haska fiye da mita 50. Direba mai gudun 80 yana bukatar 58. Ke nan lokacin da ya hangi raƙumi, ya riga ya makara. Raƙumi kuma dogayen ƙafafu gare shi. Mota ta share ƙafafun, gangar jikin ta faɗo kan gilashi, daidai inda mutane suke zaune. Makiyayi ya yi asarar raƙumi, wani gida ya yi asarar mai gida.

Wasu suna raina ɗamarar kujera, suna cewa ta tsoron jandarma ce. A ganina wannan kuskure ne babba. Wanda ya diro kan yashi da wanda ya diro kan fa, wa ya fi jin ciwo? Yashi yana lotsawa, ya tsayar da mutum sannu-sannu. Fa yana tsayar da shi farat ɗaya. Aikin yashin nan ɗamara take yi, haka ma hular kwano take yi wa kan mai babur. Amma a ɗaure igiyarta a haɓa. Hular da ba a ɗaure ba, ita ce take fara barin kai.

Iyaye mata, ku ma ga taku. Yaro mai kilo 10, a karon gudun 50, zai fizge hannunki kamar buhun gero biyu ko uku. Babu hannun da zai iya riƙe shi. Kada ki zauna gaba da yaro a cinya, ki nemi kujerar baya.

Malaman cibiyoyi, ku fitar da ɗalibai fili. Ku kafa sanda, ku auna taki 27 na babban mutum, ku ajiye dutse. Nan mai gudun 40 zai tsaya. Ku ci gaba har taki 77, ku ajiye wani dutsen. Nan mai gudun 80 zai tsaya. Ku kira yaran da suke kora awaki su ƙetare hanya, su ma su taka su ƙirga da ƙafarsu.